Daga Rotterdam zuwa Basel da lodin alkama, ana sauraron Kaub

Kafin a zuba ƙwayar alkama ɗaya a cikin jirgin a Rotterdam ta ƙasar Holan, sai da muka duba ma'aunin ruwa na wani ɗan ƙaramin gari a Jamus mai suna Kaub, wanda ke can gaba da mu da kilomita 454. A tashar da muke tsaye ruwa ya isa ya ɗauki jirgin teku. Amma mai hawa kogin Rhine ba da ruwan da ke ƙarƙashinsa yake lodi ba, da ruwan da zai tarar a wuri mafi ƙarancin zurfi yake yi, kuma ga duk mai nufin Basel ta ƙasar Suwizalan wurin nan shi ne tsakanin Mainz da St. Goar, inda Kaub yake.

Jirgin irin wanda ya fi yawa a kogin ne: tsawonsa mita 110, faɗinsa mita 11.45, idan aka cika shi taf yana nitsewa mita 3.50 da kaya kusan tan 3,000. Kowane santimita ɗaya na nitso daidai yake da tan 11 ko kusa da haka. Wannan ɗan lissafi shi ne jarin matuƙi, domin santimita goma da ruwa ya ragu lodin tirela huɗu ne suka tafi.

Ga yadda ake fitar da adadin. Lambar da ma'auni ke nunawa ba ita ce zurfin kogi ba, sandar awo ce kawai da aka kafa sifilinta a wani wuri tun da daɗewa. Kowane ma'auni yana da lambar ƙarancin ruwa da hukuma ta tsayar, kuma hukuma na ƙoƙarin tabbatar da wani zurfi a hanyar jiragen idan ruwa ya sauka zuwa wannan lamba. A Kaub lambar ita ce santimita 77, zurfin kuwa mita 1.90. Ranar lodinmu ma'aunin yana kan 120, amma hasashen kwana huɗu da hukumar hanyoyin ruwa ta Jamus ke sakawa a shafinta na ELWIS ya nuna zai sauka zuwa 105 lokacin da za mu isa. To da 105 za a yi aiki. A cire 77, saura 28. A haɗa da 190, an sami 218. Daga nan sai a bar rata tsakanin cikin jirgi da ƙasan kogi. Inda yashi ne santimita 20 ta wadatar, inda dutse ne mai hankali yakan bar 30, domin jirgi idan yana tafiya yakan ƙara dulmiya kaɗan, musamman ta baya, kuma idan wani babban jirgi ya gifta yakan janye ruwan da ke ƙarƙashinka na ɗan lokaci. Muka tsaya a kan mita 1.88. Tan 1,200 da 'yan kai ke nan, bai kai rabin abin da jirgin zai iya ɗauka ba.

Ba a auna kayan da sikeli a cikin jirgi. A jikinsa akwai alamomin nitso guda shida, uku a kowane gefe, gaba da tsakiya da baya. Ana karanta su kafin lodi, a sake karantawa bayan lodi, a ɗauki matsakaici, a duba takardar awon jirgin wadda ke nuna tan nawa ke kan kowane santimita. Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Na farko, a bar mai zubawa ya tara kaya a baya, inda dama injin da gidan ma'aikata suka yi nauyi, sai jirgin ya zauna a karkace, matsakaicin nitso ya yi daidai amma baya ta wuce ƙa'ida, alhali baya ce za ta fara taɓa dutse. Na biyu, a manta cewa ruwan tashoshin da ke bakin teku yana da gishiri, ruwan gishiri kuma ya fi ɗaga jirgi. Da zarar an shiga ruwan daɗi sai jirgin ya ƙara nitsewa da 'yan santimita. Wanda ya yi lodi ƙi-ƙam a kan iyaka a Europoort, tashar Rotterdam ta bakin teku, a Nijmegen da ke can cikin ƙasar Holan zai gane ya wuce.

A gaɓar kogin akwai manyan alluna masu lambobi, kuma da su ake magana, ba da sunan gari ba. An fara ƙirga daga sifili a tsohuwar gadar Konstanz, inda ruwa ke barin babban sashen tafkin Constance, lambar tana ƙaruwa yayin da ake gangarawa. Rotterdam na kan 1000, tashar Basel na kan 170. Mu da muke hawa, lambobin raguwa suke yi, kilomita 830 a gabanmu. Gaɓar dama da ta hagu ma da fuskar mai gangara ake faɗarsu, don haka gaɓar dama tana hannun hagunmu ne har mu isa. Sabon shiga yakan kwana biyu yana rikicewa da wannan a rediyo.

A Holan ba za ka ji ana cewa Rhine ba sai jefi-jefi. Kogin ya rarrabu, kowane reshe da sunansa. Mun bi ta Dordrecht muka shiga Merwede, bayan Gorinchem sunan ya koma Waal. Waal ɗin shi ne babban reshe. A Pannerden, wajen kilomita 867, ruwan da ya fito daga Jamus yake rabuwa, kashi biyu cikin uku ya bi Waal, kashi ɗaya ya bi ta arewa, inda shi ma zai sake rabuwa zuwa Nederrijn da IJssel. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kogin na tafiya tsakanin ganuwar ƙasa da aka tayar don tare ambaliya, kuma daga gaɓoɓin biyu an jero katangun duwatsu suna kutsowa cikin ruwa kamar haƙoran mataji. Aikinsu su matse ruwan a tsakiya don ya yi gudu ya share yashinsa da kansa. Idan ruwa ya ƙaru suka nitse, ba ka ganin komai sai sandunan da ke kan bakinsu, kuma wanda ya yanke kwana ya bi ta bayan sanda ya hau dutse.

Wurin lura a nan shi ne kwanar Nijmegen. Ƙasan Waal yana zaizayewa a hankali shekara da shekaru, amma a wannan kwanar an taɓa shimfiɗa duwatsu a ƙasan don hana ruwa haƙa rami. Yashin da ke gaba da baya ya sauka, shimfiɗar ba ta sauka ba, yanzu ta zama kamar dokin ƙofa a cikin kogi. Hukumar ruwa ta Holan na sanar da mafi ƙarancin zurfin da aka auna kowace rana idan ruwa ya ja baya. Da nitson 1.88 mun wuce ba fargaba, amma mai zuwa Duisburg kawai, wanda ya yi lodi da nauyi, a nan hankalinsa yake tashi.

Daga Lobith, inda ake tsallaka iyaka, zuwa Duisburg a kilomita 780, nan ne kasuwar take ci. Ruwan da ke wucewa Lobith a matsakaici ya haura mita kubik 2,000 a daƙiƙa, kuma a kansa ne ake turo tama da kwal zuwa masana'antun ƙarfe na yankin Ruhr. Jirgin turi ɗaya yakan haɗa kwale-kwalen ƙarfe huɗu ko shida a gabansa, kaya ya kai tan 16,000. Irin wannan ba ya kauce maka, kai ne za ka san inda za ka sa kanka.

A nan ne allon shuɗi ya fara aiki sosai. A ƙa'ida jirage biyu na giftawa ne hagu da hagu, kamar motoci a titin da ake bin dama. Amma mai hawa da kaya ba ya son gefen waje na kwana, inda ruwa ya fi gudu, ya fi son gefen ciki inda ruwa ya lafa. Dokar kogin ta ba mai hawa ikon nuna wa mai gangara hanyar da zai bi, da sharaɗin ya bar masa wadataccen wuri. Idan muna son a gifta dama da dama, sai a buɗe wani allo shuɗi mai faɗin mita ɗaya a gefen dama na ɗakin tuƙi, da farar fitila mai walƙiya a tsakiyarsa. Mai gangara ya buɗe nasa, an yi yarjejeniya ke nan. Idan bai buɗe ba, kada ka ɗauka ya gani, ka kira shi a tasha ta 10 ta rediyo. Yawancin karon da ake yi a kogin daga nan yake farawa: wani ya buɗe allo a makare, ko ya manta bai rufe ba bayan an wuce, na bayan ya karanta saƙon da ba nasa ba. Mai gangara ruwa na tura shi, ba shi da birki, kuma idan ya rage gudu ƙasa da gudun ruwan sai jirgin ya daina jin sitiyari. Shi ya sa ake tausaya masa.

Muna yin kilomita goma a sa'a, wani lokaci sha ɗaya. Masu gangara na yin kusan ninki biyu. Yawan ma'aikatan da ke cikin jirgi shi ke yanke sa'o'in tafiya a rana: akwai tsarin sa'a 14, da na 18, da na dare da rana. Mu a kan 18 muke, kuma akwai na'urar da ke rubuta lokacin da farfela ta juya, 'yan sandan ruwa na dubawa.

Düsseldorf a 744, Kolon a 688. A Kolon lambar ƙarancin ruwa 139 ce, zurfin mita 2.50, saboda haka ba ta dame mu ba, sai dai tudun tsakuwar da ke taruwa ta gefen Deutz wanda kullum ake yashewa kullum yana dawowa. Kolon ta fi shahara da kishiyar matsalarmu. Idan ma'auninta ya kai mita 6.20 ana rage gudu a koma tsakiyar kogi, idan ya kai 8.30 an rufe hanya baki ɗaya. A 1995 ya kai mita 10.69. Sai Bonn a 655, wadda duk mai sauraron sashen Hausa na DW ya san sunanta, gidan rediyon ma yana dab da gaɓa. Daga Bonn ƙasa ta fara tashi, duwatsu na matsowa, shimfiɗar nan ta arewa ta ƙare.

Koblenz na kan 592, inda Moselle ke shigowa daga Faransa da Luxembourg. Ga mai hawa ma'anar wannan a fili take: da ka wuce bakin Moselle ka rabu da ruwanta, ɗan gaba kaɗan ka rabu da na Lahn, kogin ya rage kauri. A nan ne ake sake duba Kaub karo na ƙarshe. Idan hasashe ya ci amanarka, ruwa ya sauka fiye da yadda aka ce, zaɓi biyu ne: ka ɗaure ka jira ruwan sama, ko ka nemi wani jirgi ko wata tasha a rage maka kaya. Dukansu kuɗi ne. Mun tarar da 107, sama da abin da muka yi lissafi da shi da santimita biyu.

Kilomita 65 da ke tsakanin Koblenz da Bingen su ne waɗanda ake bugawa a hotuna, da tsofaffin gidajen sarauta a kan duwatsu da gonakin inabi a rataye a gangare. UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Matuƙi ba ya ganin ko ɗaya. Kogin ya tsaga tsaunuka ne ya wuce, ƙasansa dutse, gudunsa ya ƙaru, kwanoninsa sun matse. Babu gada ko ɗaya daga Koblenz har Mainz, don haka jiragen fito ke tsallakar da motoci, suna yanko hanya a gabanka. Doka ma ba ta yarda kowa ya tuƙa a nan ba sai mai shaidar sanin wannan yanki, ko ya ɗauki wanda ya sani.

A St. Goar, wajen 556, aka shiga wurin da ya fi ko'ina tsanani. Dutsen Loreley na tsaye a gaɓar dama, tsayinsa mita 132 daga ruwa, kogin a gindinsa ya tsuke ya yi zurfin da ya kai mita 25, ruwan na juyawa yana tafasa. Ba zurfi ne matsala a nan ba, gani ne. Kwana na bin kwana, dutse ya tare ido, yakan tare rediyo ma, kuma akwai kwanonin da dogayen jirage biyu ba za su gifta a cikinsu ba. Maganin da aka yi shi ne allunan fitilu a wurare biyar tsakanin St. Goar da Oberwesel, waɗanda wata cibiya a Oberwesel ke sarrafawa tana kallon kogin ta radar. Kowane allo na da gidaje a jere, kowane gida na wakiltar wani yanki na gabanka. Farin layi a kwance na nufin babu mai gangarowa a yankin. Layi ɗaya a karkace, jirgi ɗaya ne da bai wuce mita 110 ba. Layi biyu kamar jinka, wanda ya fi haka tsawo. Layi uku sun haɗa kusurwa uku, dogon ayarin turi ne ke tafe. Mai hawa shi ke jira. Mun tsaya ƙasa da kwanar Betteck kusan minti goma, injin na aiki daidai ƙarfin ruwa, jirgin na tsaye cak, har ayarin ya fito ya wuce. Tsayuwar nan ita ce gwanintar, domin idan ka sassauta ruwa ya karkatar da kan jirgin, ka zama shinge a tsakiyar hanya.

A nan ne jirgin dakon sinadari mai suna Waldhof ya kife ranar 13 ga Janairun 2011, ɗauke da kusan tan 2,400 na ruwan asid, ma'aikata biyu suka rasa rayukansu, hanya ta toshe makonni. Bincike ya nuna yadda aka yi lodin ne ya raunana daidaiton jirgin: tankunan ba su cika ba, ruwan ciki na kai-komo, da aka shiga kwana sai nauyin ya koma gefe ɗaya. Alkama ba ta gudu kamar ruwa, amma ita ma idan aka bar ta a tsibe gefe guda takan zame.

Bayan Oberwesel sai Kaub kansa, a 546, da ɗan ginin nan fari mai kama da jirgi a kan tsibirin dutse a tsakiyar kogi, Pfalzgrafenstein, inda a da ake tare jirage a karɓi kuɗin fito. Daga nan zuwa Bingen da gaba ana tafiya ne ido na kan na'urar auna zurfi. An rage gudu, ba don ladabi ba, don rage dulmiyar baya. Idan rata ta yi kaɗan jirgin da kansa yake faɗa maka: jijjiga ta ƙaru, igiyar ruwan da ke bayanka ta tashi ta yi kumfa, sitiyari ya yi nauyi, farfela ta fara tsotso tsakuwa kana jin ƙararta kamar ana soya gyaɗa a yashi. Duk wanda ya ji haka ya ƙara wuta don ya wuce da sauri, ya ƙara nitsar da bayansa ne.

Ranar 22 ga Oktoban 2018 ma'aunin Kaub ya sauka zuwa santimita 25, a Agustan 2022 ya kai 30. Mai karatu zai iya yin lissafin da kansa: 25 a cire 77 a haɗa da 190, mita 1.38, kafin a cire rata. Jirgi irin namu zai ɗauki 'yan ɗaruruwan tan ne kawai, wasu manyan ma ko babu kaya ba za su wuce ba, domin farfelarsu ba za ta nitse ba. A 2018 kamfanin sinadarai na BASF da ke Ludwigshafen ya rage aiki, gidajen mai a kudancin Jamus suka yi ƙarancin fetur. Kuma dama tun ruwa bai kai nan ba, galibin kwangiloli na ɗora wa mai kaya ƙarin kuɗin ƙarancin ruwa da zarar Kaub ya sauka ƙasa da 150. Akwai shirin ƙara zurfin yankin daga 1.90 zuwa 2.10. Santimita 20 kamar wasa, amma tan 200 ne da ɗoriya a kowane sawu.

Dalilin da ya sa ƙarancin ya fi zuwa daga ƙarshen bazarar Turai zuwa kaka yana can saman kogin, inda jirgi ba ya zuwa. Rhine na farawa ne a tsaunukan Alps na gabashin Suwizalan, daga rassa biyu da ke haɗuwa a Reichenau, kuma ana ɗaukar ɗan tafkin Toma mai tsayin mita 2,345 a matsayin mafarinsa. Ya bi iyakar Liechtenstein da Ostiriya ya faɗa tafkin Constance, ya fito ya zubo daga tsayin mita 23 kusa da Schaffhausen, sannan Aare ya same shi da ruwan da ya fi nasa yawa. Wannan ruwa narkewar ƙanƙara ce ke ƙara shi, yana cika a Yuni. Rassan Jamus kuwa, Neckar da Main da Moselle, ruwan sama suke kawowa, sun fi cika da hunturu. Biyun na karɓeɓeniya, shi ya sa kogin ke ɗaukar jirgi duk shekara. Idan ƙanƙara ta gama narkewa ruwan sama bai zo ba, sai ruwan kogin ya yi ƙaranci.

A Bingen akwai abin da ke ruɗar mai lissafin lokaci: tsakanin allon 529 da na 530 tazarar ba ta fi rabin kilomita da kaɗan ba, ragowar haɗa awon da ƙasashe daban-daban suka yi kowa da nasa. A nan ne kuma wani zirin dutse ya taɓa gicciye kogin, jirage na bi ta ƙaramar kafa. An yi ta fasa shi tun ƙarni na 17, sai a aikin 1966 zuwa 1974 aka buɗe hanyar ta kai mita 120. Da ka fita sai kogin ya baje, ya yi faɗi da tsibirai, yana kwance gabas da yamma har Mainz. Faɗin nan yaudara ne, ruwa kaɗan ne aka shimfiɗa, kuma mita 1.90 ɗin na nan har kilomita 508.

Daga Mainz, inda Main ke shigowa, zuwa Mannheim da Ludwigshafen, inda Neckar ke shigowa, tafiya ce ta hutawa. Kogin ya miƙe fiye da yadda kogi ke miƙewa da kansa, domin daga 1817 injiniya Johann Gottfried Tulla da waɗanda suka gaje shi sun yanke kwanoninsa, suka rage masa tsawon kusan kilomita 80. Abin da aka samu a gajarta an biya shi a gudun ruwa. Sama da Karlsruhe mun koma kilomita takwas a sa'a. Ma'aunin Maxau da ke nan shi ne babban misalin cewa lamba ba zurfi ba ce: yana iya nuna kusan santimita 370, alhali hanyar mita 2.10 kacal take da shi.

A kilomita 334 aka iso Iffezheim, madatsa ta farko tun daga teku. Ƙasa da ita za ka ga jirage na zubar da tsakuwa a cikin kogi da gangan. Madatsun sun tare tsakuwar da ruwa ke kawowa daga sama, ruwan da ya fito fayau sai ya ci ƙasan kogin, don haka tun 1978 ake ciyar da shi da hannu.

Madatsu goma ne daga nan zuwa Basel: Iffezheim, Gambsheim, Strasbourg, Gerstheim, Rhinau, Marckolsheim, Vogelgrun, Fessenheim, Ottmarsheim, Kembs. Kowace na da tashar lantarki da ɗakunan ruwa biyu na ɗaga jirgi, kowace na ɗaga ka mita 10 zuwa 16, jimilla kusan mita 130. Aikin iri ɗaya ne. Tun da sauran 'yan kilomita ake kiran mai tsaron ƙofa a rediyo, a faɗi sunan jirgi da tsawo da faɗi, ya ce babban ɗaki ko ƙarami. Jar fitila a jira, koriya a shiga. Ana shiga da tafiyar hawainiya, ma'aikaci ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowa da rigar ceto, domin wanda ya faɗa tsakanin jirgi da bango ba ya da wurin fita. A jefa igiya a turke, a tsayar da farfela, ƙofar baya ta rufe. Ruwa na shigowa ta ƙasa, jirgin ya so ya yi gaba ya yi baya, igiyoyin ne ke riƙe shi. Inda turken na tashi tare da ruwa, sauƙi ne. Inda a kafe yake a bango hawa-hawa, sai an riƙa cire igiya ana maida ta na sama, kuma ba a cire ta farko sai ta biyu ta kama. Ba a tsayawa cikin lanƙwasar igiya, ba a kuma ƙulle ta ƙulli mai wuyar kwancewa. A dawowa, lokacin da ruwa ke sauka, igiyar da aka ƙulle a kafaffen turke takan rataye jirgin har ta tsinke, kuma akwai dokin ƙofa na kankare a bayan ɗakin da aka yi wa alama da layi a bango, wanda ya bar bayan jirginsa a kansa zai zauna a kai ruwa ya tafi ya bar shi.

Idan ba layi, minti talatin zuwa arba'in an fita. Idan an rufe ɗaki ɗaya don gyara, a shirya kwana. Ba a biyan ko sisi, kuma wannan tsohuwar magana ce: yarjejeniyar Mannheim ta 1868 ta haramta karɓar kuɗin wucewa a kogin, hukumar da ke kula da ita kuma, mai mazauni a Strasbourg, tun taron Vienna na 1815 aka kafa ta. Jamus da Faransa da Holan da Beljiyam da Suwizalan ne mambobinta a yau.

Abin takaicin shi ne daga Iffezheim zuwa sama zurfin mita 3 ne, ruwa a kwance, ga jirgi rabinsa wayam. Madatsu huɗu na ƙarshe ma ba a cikin kogin suke ba, a cikin wata babbar hanyar ruwa ta kankare suke ta gefen Faransa, wadda aka fara da Kembs a 1932 bayan yarjejeniyar Versailles ta ba Faransa ikon jan ruwan. Tsohon kogin na can gefe da ɗan ruwan da aka bar masa. A wannan yanki abin dubawa ya koma sama: gadojin da ke tsakanin Strasbourg da Basel mita 7 suka bari, ba 9.10 na ƙasa ba, masu kwantena kan rage hawa ɗaya, mu kuma da jirginmu ke tsaye sama saboda rashin nauyi sai da aka sauke ɗakin tuƙi da eriya.

Mun ɗaure a Kleinhüningen, tashar Basel da ke dab da inda iyakokin Suwizalan da Jamus da Faransa suka haɗu, a rana ta biyar. Kafin a buɗe murafun sai da aka sake karanta alamomin nan shida tare da wakilin mai kaya, aka cire nauyin man da aka ƙona da ruwan sha da aka yi amfani da shi a hanya, domin idan ba a cire ba takarda za ta nuna alkama ta yi ƙafa. Bayan an kwashe aka share, sai aka cika tankunan baya da ruwa don farfela ta nitse. Kayan dawowa tsakuwar gini ce da za a ɗauka ƙasa da Strasbourg, kuma a daren Kaub na nuna 98, hasashe na cewa 90 nan da jibi. An cire 77, an haɗa 190, an bar 30, mita 1.73.